Shanun Gwadabe da Kuɗin Safara'u

Malam Gwadabe direban motar ɗalibai ne a jami'ar Wudil, kuma duk wanda ya san shi ya san bai yarda da dukiyar da ba ta da ƙafa huɗu ba. Da ritaya ta fara ƙaratowa, abu ɗaya ne ya hana shi sakat: kada ya ajiye makullin mota ya koma miƙa wa 'ya'yansa hannu. Shi ya sa in albashi ya ɗan yi rara, ranar Juma'a sai kasuwar Kara, ya ja karsana ya kai wa ƙaninsa kiwo a Darki.

Matarsa Safara'u ce ta tsaya masa a wuya. Ta ji matan ma'aikata suna cewa mutum na iya sa a ƙara yankar wani abu a albashinsa a zuba masa a asusun fansho. Ta yi ta naci har ya gaji ya amince, ya dawo yana mita wai an sa shi zuba kuɗi a rijiya. Duk ƙarshen wata sai ya tsokane ta, ko kuɗin nata sun haihu.

To, ita saniya ba ta ɓuya. Dangi kaf sun san garken Yaya Gwadabe, shi kuma bawan Allah bakinsa bai iya a'a ba. Za a yi wa 'yar ƙanwa kayan ɗaki, karsana ta tafi. Kawu ya kwanta asibiti a Kano, bijimi ya bi bayanta. Ba wanda ya cuce shi, da bakinsa yake cewa a sayar. Kuɗin asusu kuwa ba wanda ya taɓa tambaya, tunda ba a ganin su suna kiwo a bakin hanya.

Ranar da ya miƙa makulli ya zarce Darki, ya tarar da turaku da igiyoyi, sai tsohuwar saniya guda tana tuƙa. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya yi watanni ko tuwo ba ya masa daɗi.

Wani hantsi yana zaune a tsakar gida sai ga saƙon banki a wayarsa, kuɗin fansho sun shigo. Ya karanta, ya sake karantawa, ya sauke ajiyar zuciyar da Safara'u ta jiyo daga madafi. Ba wani arziki ba ne, amma zai ci da gidansa bai roƙi kowa ba.

Ta leƙo da muciya a hannu, ta tambaye shi lafiya.

"Kuɗinki sun haihu, Safara'u," in ji shi, yana cusa wayar can ƙasan aljihu. "Amma ki rufa mini asiri, kada a yi taron suna."