Ƙafar Sabo Mai Ɗaɗɗoya

Ranar da na san Sabo da ruwa aka tashi, irin na tsakiyar damina, ba ƙarfi amma ya ƙi ɗaukewa. Na fito daga Unguwar Sarki zan sa saƙo a mota a Kawo, lokacin ina masinja a ma'aikata, sai na fake a wata rumfa bakin tasha. Ƙamshi ne ya fara tarbata kafin mai rumfar. Ga ɗaɗɗoya da na'a-na'a jiƙe a kan buhu, ga tafarnuwa da citta da kanumfari a ƙananan kwanoni. Ya matsa mini a benci, bai tambayi ko ni wane ne ba. Da ruwan ya tsagaita sai ya cusa mini ganye a aljihu, ya ce in kai wa uwargida ta sa a miya. Ban yi aure ba a lokacin, kunya ta hana ni faɗa.

Daga nan muka saba. Kawo ba ta cika haka ba a wancan zamani. Bayan gidansa fili ne, nan yake lambunsa, shi da matarsa Ladi suna ban ruwa da gwangwani. Direba in haƙori ya dame shi, Sabo zai ba shi kanumfari ya danne a wurin. Amma in aka ce masa mai magani sai ya ɓata rai.

"Ni mai kayan miya ne," yakan ce. "Masu magani suna can da lasifika."

Autarsa Ilham ce ta yi nisa a boko, har jami'a, tana karatun ƙwayoyin cuta. Da za ta gama sai ta ce bincikenta a kan kayan rumfar babanta za ta yi. Ta kwashi ganye ta tafi. Da ta dawo ta nuna mana hoto a waya: wani ɗan faranti da aka shuka ƙwayoyin cuta a ciki, sun rufe shi kamar fumfuna a kan tuwon jiya, sai dai inda aka ɗiga ruwan tafarnuwa, an yi zobe fes, ba abin da ya tsiro. Ta ce tafarnuwa sai an daka ta sinadarin yake tashi, in ta sha wuta kuma ya ragu. Ta ce man da ke kashe zafin haƙori a kanumfari akwai irinsa a ganyen ɗaɗɗoya.

"Ashe dangi ne," in ji Sabo. "Shi ya sa ba sa faɗa a tukunya."

Ya sa aka wanke masa hoton. Duk wanda ya tsaya sayen citta sai ya gan shi, har 'yan kamasho suka riƙa ce masa Farfesa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na shekarar nan ba.

Bayan Ilham ta tafi bautar ƙasa, fartanya ta sare shi a ɗan yatsan ƙafa. Sabo yana da ciwon suga, an gaya masa tuntuni ya kula da ƙafafunsa. Sai ya daka tafarnuwa ɗanya da ɗaɗɗoya ya ɗaure a kai. Tafarnuwar ta ƙone fatar, ciwon ya buɗe. Ladi ta ce asibiti, ya ɗauko hoton.

"Ga shi 'yarki da kanta ta gwada. Ko kin fi jami'a ne?"

Da Ilham ta zo hutu ta ga yana ɗingishi, ba ta yi musu da shi ba, don ba a haife ta a gidan da 'ya ke ja da uba ba. Gidana ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba Idi, abin da ya yi a faranti ba shi zai yi a ƙafa ba. Faranti ba shi da jini, ba shi da ƙashi. Ciwon nan ya shiga ciki. In aka ƙara jinkiri ƙafar za a yanke. Ni in na faɗa, zai ce na ƙaryata kaina. Kai ne zai ji."

Washegari na je rumfa. Muka sha shayi, muka yi maganar tsadar taki da wani direba da ya rasu. Na jira har masu saye suka ragu.

"Sabo, kwance mu gani."

"Kai ma an aiko ka ke nan. Masinja dai ba ya ritaya."

"An aiko ni. Kwance."

Ya kwance tsumman a hankali. Ya sunkuya ya shinshina ciwon.

"Wannan ba warin tafarnuwa ba ne," ya ce.

Ya kira Nuhu mai shayi ya kula masa da rumfa, muka tari keke mai ƙafa uku. A hanya ya ce kada in gaya wa 'yan tasha. Na ce ai sun riga mu sani.

Ya jima a asibiti, ana yi masa allurai ana wanke ciwon. Yatsu biyu suka tafi, ƙafar ta tsira. Ilham tana zuwa da farfesun kaza cike da citta da ɗaɗɗoya, takan ce, "Baba, wannan na ciki ne, ban da ƙafa." Shi kuma ya ce ta cika iyayi, sai ka ce ita ta shuka.

Rumfar bai koma ba, mai sayar da caja ne a wurin yanzu. Lambun ma magina sun cinye. Ladi ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta. Sabo yana Kinkinau a gidan Ilham da mijinta, yana tafiya da sanda, yana shuka ɗaɗɗoya da na'a-na'a a tsofaffin bokitai bakin famfo. Nakan je masa ranar Juma'a in ƙafata ta yarda.