Robobin Dakta Rekiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran abokiyar aikina, Dakta Rekiya Abdulhakim, aka kai ta makwancinta a maƙabartar Gudu bayan la'asar.

Rekiya, ofis ɗaya muka zauna a jami'a, kuma ban ɓoye miki ba cewa zancen Japan ya ishe ni. Can kika yi digirinki na uku a kan tarihin fitar ɗalibai zuwa cikin al'umma. Kika ba ni labarin girgizar ƙasar Kobe har na haddace: yadda ɗalibai suka riƙa zuwa wurin tsofaffin da suka rasa gidajensu, su sa musu ƙafa a ruwan ɗumi, su murza musu hannu, su yi shiru. Kika ce tsoho ba ya faɗin damuwarsa ga mai riƙe da biro, amma in ƙafarsa ta ji ɗumi bakinsa kan buɗe.

Shi ne kika sayo robobi, kika riƙa kwasar ɗalibai daga tashar Jabi duk Asabar zuwa wani ƙauye bayan Masaka, wurin tsofaffin manoman da gine-gine suka cinye gonakinsu. Na yi miki dariya. Iyaye suka taso, wai ba su turo 'ya'yansu jami'a don wankin kaushi ba. Shugabannin jami'a suka yi ta ce miki a dakata. Ɗalibai ma suka zare jiki, ya rage Prudence da Godfrey. Na sha ganinki ranar Litinin kin kifa kai a tebur, ki ɗago ki ce, "Surayya, na gaji, amma suna jira."

Da ciwo ya kwantar da ke, ina asibitin, sai ga Mama Asibi ta shigo, tsohuwar ƙauyen nan da ta fi kowa ƙin miƙa ƙafa tun farko. Roba ce a kanta, fulas ɗin ruwan ɗumi a hannu. Ta durƙusa ta ce da gurguwar Hausarta, "Dakta, kullum kai ne yana ji namu. Yau ka sa ƙafa, ka yi magana." Kika sa, kika yi ta kuka, kina faɗa mata tsoron da kika ɓoye mana duka.

Yanzu robobin suna jibge bayan ƙofarmu, kuma an ce in fitar da su, sabon malami zai shigo. Wallahi ni ma na gaji, Rekiya, kuma ba ni da irin haƙurinki. Amma jiya Prudence ta tambaye ni ƙarfe nawa za a haɗu a Jabi, na ji bakina ya ce bakwai.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki. Ga maigidanki Malam Maiturare, da 'ya'yanki Zuhra da Halimat, da tsofaffin da za su ga baƙuwar fuska ranar Asabar, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, amin.