Iliya Mai Layi da Ƙahon Saniya

Duk wanda ya taɓa kai wa marigayi Iliya aiki a shagonmu na buga allunan talla a Gwarinpa, Abuja, ya san yadda yake karɓar hoto. Kafin ya amsa gaisuwa sai ya sa shi a kwamfuta, ya yi ta ƙara masa girma har ya fashe ya zama ɗige-ɗige, sannan ya juyo ya ce, "Wannan dambu ka kawo mini." Aikinsa ke nan, ya bi hoton da hannu ya mayar da shi zanen layi, wanda ko bangon bene za a rufe da shi ba zai dushe ba.

Akwai maɓallin da ke yin aikin nan take a kwamfutar. Iliya bai taɓa danna shi ba. Na ce, "Abokina, don mu aka yi shi fa." Ya ce, "Don ku dai."

Wata Hajiya mai yogot ta turo hoton saniya ta waya, a yi mata tambari. Ƙaho ɗaya ya ɓace cikin inuwa. Na ce ya kwaikwayi ɗayan mana. Ya ce ƙahonin saniya ba tagwaye ba ne. Washegari ya hau mota har rugar da aka ɗauki hoton, can bayan Gwagwalada. Ya dawo da yamma, takalmi duk kashin shanu.

Na ce, "Ka ga ƙahon?"

"An sayar da ita. Amma na ga uwarta."

Wani oga mai kamfani a unguwar Idu kuma ya kawo hotonsa, ya ce, tunda layi na gyaruwa, a ɗan rage masa tumbi. Iliya ya dube shi, ya dubi hoton. "Ranka ya daɗe, ka rage can, ni sai in bi."

Da ciwo ya kwantar da shi, likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa tana mana bayani. Mu duk jikinmu ya yi sanyi. Shi kuwa ya ƙura ido, da ƙyar muryarsa ke fita: "Likita, wa ya yi muku wannan? Bakin haƙarƙarin bai fita ba. In na tashi ku turo mini."

Bai tashi ba. Allah Ya jiƙan Iliya, Ya yafe masa, Ya sa ya huta. Ya raya 'ya'yan da ya bari.