Goron da Muka Shuka a Bayan Ɗaki

Mu 'yan Zugu ne, garin da 'yan boko ke rubutawa Djougou, kuma a zuriyarmu kaf ban san wanda ya taɓa riƙe fartanya ba. Kakanninmu fatake ne. Goro suke ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna su kai ƙasar Hausa, mu kuma muka gaji bakin ciniki da raina manomi. A sanina ina yarinya, albasa a kan tire take fitowa.

Ni na fara karya wannan al'ada, kuma hassada ce ta sa ni. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ana kiran ƙasar Dahomey. Maigidana ya samu aikin biro, wato ofis, a tashar jirgin ƙasa ta Parakou, muka kama haya a gefen Zango: ɗaki biyu, rijiya, da wani fili a baya da ba a komai da shi sai shanya. Yaranmu uku, 'yar fari mai shekara biyar, da namijin da ke bi mata, da na goye wanda ba ya sauka daga bayana sai da yaƙi. Maƙwabciyarmu 'yar kudu ce, mijinta yana aiki cikin jirgi, katangar da ke tsakaninmu kuma iyakarta ƙirjina. Kullum na leƙa sai in ga tumatir ɗinta jajir yana harara ta. Na ce wallahi ba za ta saɓu ba, mace ba ta fi ni hannu ba.

Na aro fartanya na faɗa wa filin. Albasar farko a kife na binne ta, kai ƙasa gindi sama. Kuɓewa kuwa na haƙa mata rami kamar zan ɓoye tulu. Abin da ya samu ya tsiro, yara suka taimaka masa. 'Yar fari tana tsinko furen tumatir ta kawo min kyauta, namijin yana ba barkono ruwa irin nasa in ya tashi da safe, na goye yana miƙo hannu ta kafaɗata yana fizgar duk ganyen da na sunkuya a kansa. Na yi ihu har muryata ta dushe. Amma yakuwa ba ta da zuciya, ta fito, alayyafo ma ya biyo ta.

Maigidana da farko dariya yake min. “'Yar fatake da fartanya! Allah ya sa kada labari ya kai Zugu.” Ranar da ya sha miyar yakuwar har ya suɗe kwano, sai ga shi washegari a cikin garkar da wandon aiki, hannu a baya, yana gaya min da Faransanci ba ni da “méthode”, wai tsari. Mutumin da bai san bambancin alayyafo da ciyawa ba! Na bar shi, don na san abin da ke cin sa.

Mahaifinsa ne ke cin sa. Baba tsohon falke ne, yana cikin na ƙarshe da suka bi ayari da ƙafa, kuma da ya tsufa ya zauna a zaurensa a Zugu yana dillancin goro. Ranar da ɗansa ya ce ya bar goro ya kama alƙalamin Nasara, Baba ya faɗa a ƙofar masallaci, mutane na ji, cewa ƙafarsa ba za ta taka gidan mai jiran albashi ba. Kuma bai taka ba. An yi sunan yaranmu duka uku, sai dai ya aiko da huhun goro. In mun je Sallah yakan ɗora yaran a cinya, ya kira 'yar fari matarsa, ya ce wa namijin ɓarawon mata, amma ɗansa da ke durƙushe a gabansa “lafiya lau” kawai yake samu. Maigidana ba ya magana a kai. Sai dai duk lokacin da ya gyara wani abu a gida, ko ƙofa ko rumfa, yakan tsaya ya dube shi ya ce, “Da Baba zai gani.” Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi.

Wata rana ya shigo da wani farin goro ƙato a tafin hannu, daga cikin wanda Baba ya aiko. Ya ce, “Kin san duk ɗaukar goron da kakanninmu suka yi, babu wanda ya taɓa ganin bishiyarsa?” Gaskiya ya faɗa. A kasuwa suke saye a Gwanja, bishiyar tana can cikin kurmi inda ba sa kaiwa. Baba kansa ya san goro ta wari, ya san wanda zai yi tsutsa tun bai yi ba, amma uwar da ta haife shi bai san kamanninta ba. Maigidana ya ce shi zai zama na farko.

Ya zaɓi wuri mafi kyau a garkata, inda na yi niyyar sa tattasai, ya binne goron da bisimilla. Ya kewaye shi da ƙaya. Ya sa wani abokinsa mahauci ya aiko mana da taki daga kara, kasuwar shanu, har gidan ya koma warin turke. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya ba shi ruwa ya tsuguna yana leƙen ƙasa. Ya tara yara ya ce duk wanda ya taɓa wurin nan zai gamu da shi. Ni dai na san gaya wa yaro kada ya taɓa abu daidai yake da nuna masa hanya, amma na ja bakina.

Aka daɗe shiru. Har na fara tsokanarsa ina tambayar ko goron ya tafi Gwanja ganin gida. Sai wata safiya na ji ihunsa a bayan ɗaki, na fito da gudu da ludayi a hannu, ina zaton maciji ne. Ashe tsiro ne, ja-ja, ya leƙo. Maigidana ya tone gefensa a hankali da ɗan yatsa, sai ga ƙwallo ya rabe biyu kamar yadda goro ke rabewa, amma ya ninka wanda aka binne girma. Na ce, “Anya? Wannan bai yi girma da yawa ba?” Ya dube ni irin kallon da ake wa jahili. “Taki ne. Ya sha taki ya kumbura. Ke me kika sani?” To me na sani? Ni ma 'yar fatake ce. Na yi guɗa.

Tsiron ya yi ta tashi, ganye faffaɗa, kore shar. Da muka je Zugu da Babbar Sallah na roƙe shi a mota ya riƙe bakinsa har bishiyar ta yi ƙwari. Ina! Ko zama bai gama yi a zaure ba ya ce, “Baba, na shuka goro a gidana, ya fito.” Ina daga soro na ciki ina jin su. Baba ya daina tauna.

“Goro? A Parakou?”

“Ya kai gwiwata, Baba.”

Dattawan da ke zaune suka hau salati. Baba ya ci gaba da taunarsa har na ɗauka ya share maganar. Can ya ce, “To. Zan zo in gani.”

Ban taɓa ganin maigidana haka ba. Muna komawa ya sa aka shafe gidan da farar ƙasa, ya sayi sabuwar tabarma da buta a babbar kasuwa, ya aske wa namijin kai har yaron ya koma kamar ƙwarya. Duk wanda ya gamu da shi a Zango sai ya ji cewa Baba zai zo.

Duk wannan lokacin maƙwabciyata ba ta nan, ta tafi kudu haihuwa. Ta dawo saura kwana kaɗan Baba ya iso. Bayan na yi mata barka na ja ta bakin katanga, ina hura hanci, na ce ta zo ta ga abin da ko ita ba ta da shi. Na nuna mata. Ta duba, ta dube ni, ta sake dubawa. Sai ta fashe da dariya har ta zame ta zauna a ƙasa, ina jin ta ta bayan katanga tana shessheƙa. Da ta samu numfashi ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, “Maman yara, wannan ba goro. Wannan aboka.”

Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani abu kore mai siffar ƙaramin gora, cikin tsarabar da ta zo da ita. Shi ne abin da yanzu kowa ya sani da fiya, amma mu a lokacin ko a mafarki. Mijinta ne ke kawo musu a jirgi, su ci su jefar da ƙwallon a gindin katanga. Ta yanka ta ciro ƙwallon ta ɓare shi. Ya rabe biyu a hannunta. Sak irin wanda muka gani a gindin tsiron.

Na kira 'yar fari. Tun kafin in buɗe baki ta fara kuka, ta zayyane min komai. Ashe kullum in ubansu ya fita sai su zare ƙaya su tono goron su ga ko ya farka, su mayar. Ran nan ƙaninta ya gatsa, ya ji ɗaci, ya ƙara gatsa don ya tabbatar, har ya cinye. Ita kuma ta tsinci wani a gindin katanga. “Na sa wa Babanmu babba, Inna. Ya fi nasa kyau.” Na ɗaga hannu zan make ta, dariya ta ƙwace min, sai kuma na ji hawaye.

Da maigidana ya dawo na bari ya ci abinci tukuna, don na san bayan maganar ba zai ci ba. Na ajiye masa ƙwallon a gabansa na faɗa masa. Ya tashi ya je ya zauna a kan turmi. Ya ce a tumɓuke, a ce akuya ta cinye. Na ce, “Sai Baba ya ce ƙarya ka yi tun farko, kuma ya fasa zuwa.” Ya ce to a bar shi a goro, ai Baba bai san ganyen ba. Na ce, “Ka yaudari mahaifinka a ranar da ya fara taka gidanka? Ban da ni a ciki.” Ya ce min na cika baki. Na ce da bakin aka auro ni. A ƙarshe ya ce zai faɗa masa a tasha, in ya so ya juya daga can.

Bai faɗa ba. Na gan su tafe, Baba a gaba da sandarsa, ƙurar babbar motar doya duk a rawaninsa, ɗansa a baya ɗauke da jaka, fuska kamar wanda za a yi wa kaciya. A bakin ƙofa Baba ya tsaya. Ya dubi dokin ƙofar, ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙafa ya shigo. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa. Ya kurɓa sau ɗaya ya ce, “'Yata, ina bishiyar?”

Muka ɗunguma bayan ɗaki. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya shinshina. Maigidana ya cire takalmi ya tsuguna a cikin takin. “Baba, akwai wata magana. Wato, en fait...” Bai kai ko'ina ba namijin ya fito daga bayan zanena, ƙirji a gaba, ya ce, “Kaka, ni na cinye goron!”

Na so ƙasa ta tsage. Baba ya dubi yaron, ya dubi ɗansa, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake, har da tari. “Ɓarawon mata, ashe ɓarawon goro ne kuma! To kai ne ɗan gado.” Ya share ido da bakin rawani ya juya ga maigidana.

“Kai, tashi daga cikin kashin shanu. Kana tsammanin ban sani ba? Goron da ya zube mana a hanya, daga Gwanja zuwa nan, ya fi gashin kanka. Damina ta sha dukansa. Da goro yana fita a ƙasarmu, da a inuwa muka yi fatauci.”

Maigidana ya ɗago. “To Baba... me ya sa ka ce za ka zo?”

Baba ya juya ganyen a hannu. “Na yi magana a gaban mutane, ta fi ƙarfina. Shekara da shekaru ina jira ka ba ni abin da zan ce musu, kai kuma sai gaisuwa kake kawo min. Da ka ce in zo in ga gidanka, ba zan iya ba. Amma falke ya tafi ganin bishiyar goro, wa zai ce don me?” Ya nuna mu da sanda ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabciya da kanta ya leƙo ta katanga. “Saboda haka ku ji da kyau. In na koma Zugu, goro ne. Wanda bai yarda ba ya hau mota ya zo ya gani. Kuma itace irin wannan sai ana zuwa duba shi akai-akai.”

Maigidana bai tashi ba. Yana nan tsugune cikin takin, ya rufe fuska da hannu biyu, bayansa yana girgiza. Baba ya dafa kansa, ya bar hannun a wurin. Na kwashe yaran na ce su zo su taya ni hura wuta.