Ankon Bikina a Tsallaken Iyaka

Wata huɗu na yi ina neman atamfar da ƙawayena za su yi anko da ita ranar bikina. A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa, amarya tana fitowa ne a tsakiyar ƙawayenta kamar wata a cikin taurari, ni ma haka na sa wa raina. A kasuwar Kazaure na same ta, shuɗiya mai zanen ganye ruwan zinare. Ƙawayena goma sha huɗu suka yanka, tela ɗaya ya ɗinka musu a garinmu Babura. Babbar ƙawata, wadda muka taso tare tun firamare, ita na damƙa wa rabon.

Saura kwana tara biki aka hana taro saboda korona. Kullum da yamma Baba yana ƙofar gida da rediyonsa, shi da maƙwabta biyu suna auna ƙasashe. A Sin an kulle mutane cikin gidajensu, a Italiya sai da takarda ake fita, wata ƙasar Turai kuwa an ce kowa ya kula da kansa. Da na durƙusa na roƙe shi a ɗaga bikin, sai ya ce Ka'aba ma an bar ta babu masu ɗawafi, balle tsakar gidansa. Dangin ango kuma sun nace a yi kafin azumi.

A zaure aka ɗaura, mutanen ba su cika tabarma biyu ba. Ba kamu, ba kiɗa, ba walima. Mota ɗaya ta kai ni Kazaure, ni da goggonnina biyu. Baƙon da ya fara ganin lallen hannuna wani jami'i ne a shingen hanya, shi ma ruwan wanke hannu ya tsiyaya mini a kai. Na haɗiye kukana don na ɗauka duniya ce gaba ɗaya a rufe. Angona ya yi mini alkawarin walima idan gari ya buɗe, ƙawayena su sa ankonsu in fito a tsakiyarsu.

Kwanana biyar a ɗaki aka turo mini bidiyo ta waya. Bikin 'yar kawun babbar ƙawata ne, a wani ƙauye cikin Nijar, tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ta hanyar daji ba. Can ma an ce akwai doka, amma ta tsaya a manyan birane, ba ta iso ƙauyukan bakin iyaka ba. Ga kalangu, ga guɗa, ana liƙa wa amarya kuɗin sefa a goshi. Kewaye da ita kuma shuɗiyar atamfata ce a jikin ƙawayena, babbar ƙawata a gaba tana juyi.

Na kira ta. Dariya ta yi.

"Haba amaryarmu, kaya ne fa a ɗinke suna kwance a akwati. Ku aka kulle, can ba a kulle kowa ba."

Na ce mata ta san ankon da aka riga aka gani a bikin wata ya mutu. Ta ce to sai in fitar da wani.

Daga ranar na daina jin haushin korona da masu doka. Doka ba ta san sunana ba, ta hau kan kowa ne. Da na ji mutane suna yabon 'yancin da ake da shi a tsallake, sai in tuna cewa wannan 'yancin ya isa ga mai babur da wanda ya san hanyar daji, kuma wadda na fi yarda da ita, a kaina ta kashe nata 'yancin.

Shekara biyu ina gaishe ta da fara'a. Da aka sa ranar bikinta ta aiko mini da nata ankon, na karɓa na yi godiya. Sannan na tuna wa mijina alkawarinsa, na ce ga ranar da nake so. Bai san ita ce ranar wunin bikinta ba. Na ɗauko makaɗa, na kama mota ta je Babura da safe, na kira ƙawayen ɗaya bayan ɗaya na ce kowacce ta san abin da ta yi mini, yau nake son a biya ni. Kunya ta cika motar. Sha ɗaya suka zo.

Na zauna a kujerar amarya, 'yata a cinyata, ana guɗa a kaina. Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Babbar ƙawata ce, ta ce tana zaune an gama mata kwalliya, ƙawaye biyu kawai ke gefenta, dangin miji suna tambaya.

"Ƙawata, a kan atamfa za ki yi mini haka?"

Na ce ta yi haƙuri, mai hoto yana jirana.

Wata goggona ta ce in je in nemi yafiyarta, ta sake faɗa mini da sallar da ta wuce. Ban je ba. Idan mun haɗu a gidan suna ko gaisuwar rasuwa, ita ke fara sunkuyar da kai.