Lamba uku da na ɓoye wa Baba

Shekarun baya, ana dab da cirar albasa, idanun mahaifina suka koma ruwan ɗorawa. Muka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe, shiru. Da ƙaiƙayi ya hana shi sukuni sai na ɗauke shi daga Wurno zuwa babban asibiti a Sakkwato, tunda ni ne ɗan bokon gidan, ni ake turawa gaba ko na san abu ko ban sani ba.

Hoto ya nuna wani ƙulli a tsokar nan ta bayan tumbi mai sarrafa sukari, ya danne hanyar da ruwan matsarmama ke bi. Aka sa masa siririn bututu ya buɗe hanyar, aka kuma tsikari ƙullin da allura don a duba abin da aka ɗebo.

Ranar da sakamako ya fito ni kaɗai na je. Likita ta ja farar takarda ta zana mini matakala mai hawa shida. Ta ce masu dubawa ba su rubuta abin da suka ga dama, dole kowane sakamako ya hau taki guda, don duk likitan da ya gani ya san abin yi. Ɗaya, allura ba ta ɗebo abin da ya isa ba. Biyu, lafiya lau. Shida, ciwon daji ne ba tantama. Ta ɗora biro a kan uku.

"Na Baba nan yake. Sun ga abin da bai kwanta musu ba, amma bai kai su yanke hukunci ba. Ka dawo da shi cikin mako biyu a sake allurar."

A mota na yi ta buɗe takardar ina ninkewa, kamar lambar za ta canja.

To a wajenmu ba a kai wa babba mara lafiya labari mai nauyi. "Da sauƙi" ake cewa, ko mutum na kan gargara. Na iske Baba a zaure, idanunsa sun fara washewa saboda bututun, har yana cin tuwo.

"Mi takardar tac ce?"

"Lahiya lau, Baba."

Ya yi hamdala, washegari aka yi sadakar waina. Na ce a raina zan lallaɓa shi daga baya. Ina! Duk lokacin da na taɓo zancen komawa sai ya ce, "Ba kai kac ce lahiya ba? In bar albasa ƙasa in tai a soke ni banza?" Mako bakwai ina cikin wannan hali. Kowace safiya wajen gaisuwa idanunsa nake leƙe, har ya tambaye ni ko na ɓatar da wani abu ne a fuskarsa.

Ranar da na ga wandonsa ya fara yi masa yawa, tsoron mutuwarsa ya fi ƙarfin kunyar da nake ji. Na durƙusa na zana masa matakalar a ƙasa da tsinke, na nuna uku. Ya dubi zanen, ya ɗago ya dube ni.

"Jikin wa anka soka, nau ko naka?"

"Naka, Baba."

"To don mi za ka riƙe man labarina?"

Muka koma, aka sake allura. Wannan karon shi ya zauna gaban likita, ya ce ta faɗa masa lambar da bakinta. Shida ce. Ya yi wata biyar bayan nan, Allah ya jiƙansa.

Na taɓa tambayar likitar ko makonni bakwai ɗin nan ne suka cuce shi. Ta ce irin wannan ciwo, mai yiwuwa ko mun dawo a kan lokaci abin da zai faru ke nan. Na san gaskiya ta faɗa, don mace ce da ba ta ƙara wa magana gishiri. Sai dai ba ta ce tabbas ba, kuma har yau na kasa komawa in roƙe ta ta ce.