Tsohon da Ya San Kakar Karsana

Shekara shida ina ɗibar jinin shanun gida, ina neman abin da ke sa wasu su jure wa ciwon sammore, wasu su faɗi. Yau a kasuwar shanu ga wani tsohon makiyayi kusa da teburina, siriri, takalminsa ɗaure da igiya. Yana kallon kwalabena kamar kayan wasan yara.

Wani mai saye ya nace sai wata guntuwar karsana mai baƙin kunne. Tsohon ya shafa wuyanta, ya girgiza kai.

"Ɗana, ɗauki babbar can. Wannan rakiya ta yo, ba ta sayarwa ba ce. Shekarar da ciwo ya share mana garke, kakarta kaɗai ta tashi."

Na sake duban tsohon. Da ganinsa bai taɓa riƙe biro ba. Ni sai na aika jini, na jira wata uku, na'ura ta ba ni lamba. Shi kuwa kakarta ya sani.

Na miƙe da allurata. "Baba, in ɗibi jininta?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗiba. Amma me za ka gaya mini wanda ban sani ba?"